Masana Taurari da Dangar Gidana

Babana ya rantse da aradu ba zai sake taka ƙofar gidana ba. A gaban mutane ya yi rantsuwar, ranar da na ƙi riƙe masa ƙafar ɗan akuyan da zai yanka wa gona kafin shuka. Mu Maguzawa ne na wani ƙauye kusa da Riko, Bamaguje kuwa ba ya wasa da aradu. Ni na je leburanci a asibitin kutare na Turawan mishan, na dawo da karatu da mata da bin Almasihu. Gidana a bayan nasa yake, dangar kara ɗaya ce tsakaninmu. Ina jin tarinsa, yana jin nawa.

Bayan kaka matata ta haifi 'ya mace. Danginta suna nesa, don haka Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ke zagayowa tana yi mata wankan jego. Aka yi suna, kowa ya zo, har waɗanda ba a gayyata ba. Baba bai zo ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don na san tsohon nan yana jin kukan jaririyar ta cikin danga, kuma na san yana so ya gan ta. Taurin kai ne kawai, irin na gidanmu.

Da lokacin bikin haihuwar Almasihu ya zo, sai na yi dabara. An koya mini labarin masana taurari da suka taso daga gabas don su gaida jariri, an kuma koya mini ma'anarsa. Zinariyar da suka kai tana nufin yaron sarki ne. Lubban, turaren ibada, yana nufin ya cancanci sujada. Mur, wanda ake shafa wa gawa, yana nuna mutuwar da zai yi domin mutane. Babbar ma'anar kuwa ita ce baƙi ne, ba danginsa ba, ba addininsu ɗaya ba, amma aka karɓe su. Na haddace wannan duka tsaf, na ce in Baba ya ji, zuciyarsa za ta yi sanyi.

Na same su da la'asar a gindin tsamiya, sun kewaye tulun giya. Ga Baba, ga Gwaggo, ga Kawu, wanda sana'arsa kai kaya Maraɗi a kan jakuna. A zamanin nan mutanenmu ba su gama yarda da turakun ƙarfen da Turawa suka kafa arewa da Jibiya ba, wai nan Ingila, can Faransa. Kawu dai bai taɓa yarda ba. Duk wata ɓarauniyar hanya da ke kauce wa 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito a wancan gefen, ya san ta kamar hanyar gonarsa.

Na durƙusa na gaishe su, na ce ina da labari. Ban kai ko'ina ba Gwaggo ta tare ni.

"Tsaya. Maza na sunka tahi barka?"

"Maza ne, Gwaggo."

"Har ɗakin mai jego? Mi sunka kai mata?"

Na lissafa mata. Ta tafa hannu.

"Ba itace? Ba kanwa? Mace ta haihu cikin sanyi, a kai mata turaren gawa! Waɗanga su ne masu hankalin?"

Na ce ai kowane kaya da ma'anarsa, ta bari in faɗa. Ta ce ma'ana ba ta dafa ruwan wanka. Na haɗiye fushina na ci gaba. Na gaya musu yadda baƙin suka fara biyawa fadar sarkin ƙasar suna tambaya, sarki ya ce in sun ga yaron su dawo su gaya masa, alhali kashe shi yake so ya yi. Na ce an gargaɗe su cikin mafarki, sai suka koma ƙasarsu ta wata hanya.

Kawu ya ajiye ƙwaryarsa, fuskarsa ta washe.

"Ta wata hanya? Ashe namu na! Ɗana, da tun farko ka ce 'yan sumoga na. Zinariya da turare, ga raƙuma, ga tahiya da tauraro. Wa ka bi ta gaban duwan da wanga kaya?"

"Kawu, mutanen Allah ne!"

"Ni na ce ba mutanen Allah ba na? Sarki ya ce ku biyo ta nan, kun ce to, ranka shi daɗe, kun bi ta can. Hankali ke nan."

Suka fashe da dariya. Kawu ya shiga tambaya ko ta fadama suka bi ko ta tudu, Gwaggo tana nan kan maganar itace. Wallahi ji na yi kamar in fasa tulun nan. Labarin da na yi ta bita a gona ina gaya wa karan dawa, ga shi an mayar da shi hirar fatake. Ko ma'ana ɗaya ban samu na faɗa ba.

Baba bai yi dariya ba. Yana ta kaɗa ƙwaryarsa a hankali, sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Da sunka koma gida, sun bar abin iyayensu?"

Na so in ce e. Amma a labarin ba a faɗa ba, na ce masa ba a faɗa ba.

"An dai bar su sun ga yaron."

"An bar su, Baba."

Ya kai ƙwaryarsa baki. Na tashi na tafi gida raina a ɓace, na gaya wa matata an gama, tsohon nan dutse ne.

Washegari da hantsi ina gyaran fartanya sai na ji ana ɓalla kara a bayan ɗaki. Na ɗauka akuya ce, na ɗauki sanda. Ina zuwa na ga bakin lauje ya leƙo ta cikin danga, yana yanke igiyar da na ɗaure da hannuna, sabuwar dangar da ko wata ba ta yi ba. Kara ya zube. Sai ga kan Baba, sai kafaɗa, sai ga shi gaba ɗaya a tsakar gidana, da ƙaiƙayi a gemu, yana jan damin itace.

"Baba, mene ne haka? Ga ƙofa can a buɗe!"

"Ƙohwa na rantse," in ji shi. "Ban rantse danga ba."

Ya wuce ni kamar ba ni a wurin. Matata ta fito da sauri ta durƙusa, ta miƙa masa jaririyar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Wagga amarya tawa ba ta da kyau. Hancin ubanta gare ta."

Ni kuwa ina tsaye da sanda a hannu, idona ya cika da ƙwalla, ga kajinsa sun riga sun bi ta ramin suna cin geron da matata ta shanya. Na ce zan gyara dangar da yamma. Matata ta ce in na taɓa ta, in nemi mai dafa mini tuwo.

Baba bai taɓa tuba ba. Bai taɓa barina na faɗi ma'anar zinariya da lubban da mur ba, ko na fara sai ya ce ya san labarin, na 'yan sumoga. Kullum dai yana shigowa ta ramin nan wurin amaryarsa, har ta yi wayo ta riƙa bi ta ciki tana zuwa wurinsa. Ranar da Gwaggo ta ƙwalla ihu a gidansa da rana tsaka, ban tsaya neman ƙofa ba. Ta ramin na bi, kara yana yagar mini riga, na same shi ya riga ya cika.