Wankan Gidan 'Yar Fari

Ina da shekara goma sha bakwai na haifi 'yata ta fari, a ɗakin Inna, mahaifiyata, a gidanmu na Soron Ɗinki. Ran da na yaye ta Inna ta saɓa ta a baya ta ce, "Wannan tawa ce," magana kuma ta ƙare daga nan. Haka muka taras ana yi. Ɗan fari na kakanni ne. Ba kya faɗin sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ki kau da kai ki bar wani ya ɗaga shi. Ni kuwa na iya kara har ta yi mini yawa. Mata suna yabona a gidan biki, wai wance akwai kunya, ni kuma kaina yana ƙara kumbura. Yarinya ta tashi tana kiran kakarta Inna, ni kuma tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Har yau da ta haura shekara talatin Yaya take ce mini. Ni kuma "ke" nake ce mata.

Tun daga yaye ban ƙara yi mata wanka ba. Ban taɓa yi mata kitso ba. Kada wani ya ce ba na son ta. Wallahi duk cikin 'ya'yana biyar babu wanda yake tsaya mini a rai kamarta, kuma ita kaɗai ce mace. Sai dai son nan a ciki na dafa shi, a ciki na cinye abina.

Ta yi karatu, ta yi aure can bayan gari, cikin sababbin unguwannin nan masu gidaje da get. Shekara tara shiru, babu ko ɓatan wata. A cikin shekarun nan maigidana ya rasu, na dawo gidanmu na zauna da Inna, ita ma Allah ya karɓi abarsa. Mazan 'ya'yana kowa ya gina nasa a waje, don wai mota ba ta shiga lungunmu. Gidan da a da in an sauke tuwo sai an jera kwano ashirin, ya zama daga ni sai kaji, sauran sassan duk an garƙama musu kwaɗo. Akan yi wuni guda ban yi magana da kowa ba sai mai ruwa.

Sai ga labari wai tana da ciki.

Na yi sujada, na yi kuka, sannan da na miƙe abu ɗaya ne ya faɗo mini a rai: wankan gida. Mace in ta yi haihuwar fari gidan iyayenta take komawa a yi mata wankan jego kwana arba'in, safe da yamma. Ni Inna ce ta yi mini. Ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunno a banɗaki, ga ruwa yana tururi a garwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa mini a baya da ƙugu, ina ihu tana cewa, "Yi mini shiru, raguwa, da kika je ɗauko cikin shawarata kika nema?" In ta gama ta daddanna mini jiki da tsumma mai zafi, ta shafe ni da man ja, ta miƙo mini kunu. A duk zamana na duniya ban taɓa jin ni 'yar wani ce ba kamar kwanakin nan.

To yanzu Inna ba ta nan. Babu kaka, babu goggo, babu kowa sai ni. Ko mai neman magana ba zai ce na yi rashin kara ba, tunda lalura ce. Kwana arba'in zan sa hannuna a jikin 'yata, sau biyu a rana, kuma duniya ta ce na kyauta. Abin da na jira shekara talatin ke nan ban ma san ina jira ba.

Na shiga shiri. Na buɗe ɗakin Inna na share, na sa aka yi masa fenti. Na je Ƙofar Wambai da ƙafata na zaɓo garwa sabuwa da manyan bahuna biyu da kujera 'yar tsugunno. Na jibge itace a gindin katanga. Na daka yajin jego da kaina har kafaɗata ta yi kwana uku tana ciwo. Na roƙi maƙwabciyata ta bar mini reshen darbejiyarsu da ya leƙo gidanmu, kada a sare. Kuma ni ba jahila ba ce, ina jin rediyo, na san likitoci sun hana ruwan da zai saluɓe fata da kunun da aka cika wa kanwa. Na riga na yanke cewa nawa ruwan sai na tsoma gwiwar hannu na ji ya yi daidai. Duk wannan hidimar ban gaya wa kowa ba, balle ita.

Cikin yana wata takwas ta kira ni a waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, wai in na haihu gida zan zo, ko in zauna a ɗakina?"

Babu kowa a gidan fa. Babu wanda zai ji ni ya ce na yi rawar kai. Amma bakin nan nawa da ya saba, kafin in yi tunani har ya riga ni. Na ce, "Yo ni me zan ce? Duk abin da mijinki ya ga ya dace."

Ta ce, "To."

Ban damu ba a lokacin. A sanina haka ake yi: uwa ta noƙe, dangin miji su ce a'a, gida za ta tafi, uwa ta ƙara noƙewa, a na uku ta ce to tunda kun matsa. Ina jiran a matsa mini.

Ta haihu lafiya, namiji. Na same ta a asibiti, ɗakin cike da dangin mijinta. Na tsaya daga bakin ƙofa, na yi wa uwar mijin barka kamar ni ce baƙuwa. Ana shirin sallamarsu 'yata ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Yaya, to ya za a yi da wanka?" Na nuna surukarta na ce, "Ai ga iyayenki nan, su za ki tambaya."

Sai mijin ya matso. Yaro ne mai ladabi, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, kada a ɗora miki wahala, ga ciwon gwiwa. Na riga na yi magana da wani gidan gyaran jiki. Satin farko za su dinga turo mata ma'aikaciya har gida, daga baya ta dinga zuwa can." Uwarsa ta ce ai hakan ya fi, zamani ya zo da sauƙi. Kowa ya ce madalla. Na tsaya ina jiran wanda zai ce a'a. Babu wanda ya ce. Na buɗe baki na ce Allah ya yi albarka, na fito na hau adaidaita sahu na dawo gida.

Bayan suna da kamar sati biyu ta ce in raka ta wurin, in riƙe mata jariri kafin a gama mata. Na tafi da niyyar in ga aibu, in samu abin faɗa. Ban samu ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Wuri tas, mata zalla, sanyi kamar ba a Kano ba, ƙamshin turaren wuta ko'ina. Tawul fari ƙal an naɗe shi kamar alkaki. Ana dilka, ana halawa, ana tausa, akwai wani ɗan ɗakin katako da ake shiga a sha tururi. Suka zaunar da ni a kujera mai laushi suka kawo mini shayi mai kanumfari. Kowa yana magana ƙasa-ƙasa kamar gidan da ake jinya.

Da yaron ya fara kuka aka ce in kai mata shi ciki. Na tarar da ita kwance rub da ciki a kan wani dogon gado, idonta a rufe. Wata yarinya da ba ta fi shekara ashirin da biyu ba, da safar roba a hannu, tana danna mata ƙugu da tawul mai zafi. Ta iya, ba zan yi mata ƙarya ba, hannunta ya san wurin. Na tsaya da jariri a kafaɗa ina kallon bayan 'yata. Akwai wani tsohon tabon ƙuna a ƙasan kafaɗarta ta hagu, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. Ban san da shi ba. Ban san ranar da ta ƙone ba, ban san wa ya sa mata magani ba. Yarinyar tana zuwa wurin sai ta sassauta hannu, ta riga ta saba da shi.

Ta ɗago ta yi mini murmushi ta ce, "Sannu Hajiya. Ke ce yayarta?"

Na ce, "Eh."

'Yata ba ta buɗe ido ba.

Da za mu fito suka ce ni ma in kwanta a yi mini, an biya har da ni. Na ce Allah ya kiyaye, ni da girmana in tuɓe a gaban yarinyar da na haifi sa'arta. Suka yi dariya, ni ma na yi.

Washegari da la'asar sakaliya na tsaya ina kallon itacen nan. Na ce to asara ba za ta zama biyu ba. Na hura wuta, na ɗora garwa, na tsinko ganye, na shiga banɗaki na zauna a kujerar da na saya mata. Na yi wa kaina wankan jego, tsohuwa da ni, ba ciki ba goyo. Da wani ya leƙo da ya ce na taɓu.

Gaskiya kuwa akwai daɗi. Tururi ya rufe ni, ɗacin ganyen ya cika mini hanci, ina jiyo karatun yara daga makarantar allon bayan gidanmu. Na fito jikina sakayau, na sa garwashi a kasko na turara zanina, na zauna a tabarma har aka kira magariba. Kashegari na sake. Gwiwata ma ta yi sauƙi. Da matar ɗana ta zo ta tarar da ni ina sheƙi, ta ce, "Kai Hajiya, haka ake so, mutum ya dinga kula da kansa. Wallahi kin fi masu zuwa gidan gyaran jiki, naki babu ko fita." Na ce mata haka ne. Ban gaya mata cewa hannun mutum ba ya kai wa tsakiyar bayansa ba, kuma in kai kake fyaɗa wa kanka ganye ka san inda zai sauka, babu wanda za ka yi wa raki. Ina zaune cikin tururin nan ina lissafi, yau kwananta ashirin da shida, yau talatin da ɗaya. Kaɗaici bai taɓa cina ba irin na banɗakin nan, amma ban fasa shiga ba, don shi kaɗai ne abin da ranata take da shi.

Da ta yi arba'in ta fito yawon gaida dangi. Gidanmu ne na ƙarshe. Na riga na ɗora ruwana na sauke, sai na ji sallamarta a zaure. Mijin ya tsaya a mota can bakin titi. Ta yi kyau, fatarta kamar a taɓa jini ya fito. Na karɓi yaron na shiga yi masa tsiya, ina ce masa mijin banza, ya zo hannu rabbana ko kuɗin cefane babu. Ita kuma ta miƙe ta leƙa ɗakin kakarta. Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofar.

Ta ce, "Da Inna tana da rai, da a nan na yi wanka."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Ni ma ai na iya."

Ta juyo. Ta kalle ni irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba, ido cikin ido. Ta ce, "Kina so in zo?"

Na sunkuyar da kai ina gyara wa yaron hula.

Ta ce, "Na tambaye ki, Yaya. Sau biyu na tambaye ki. Na haɗa kayana tun cikin yana wata bakwai, akwatin yana nan a bayan ƙofa ban kwance ba. Na ɗauka ba kya son ɗawainiya."

Na ce, "Kin tambaya."

Wayarta ta yi ƙara, mijin ne, wai magariba ta kusa. Ta share ido da gefen mayafi, ta juya mini baya ta sunkuya don in ɗora mata yaron. Na ɗora shi, ta ja zani ta ɗaure da kanta. Ta ce, "Sai an kwana biyu." Na ce ta gaida gida.

Na raka ta iya zaure, na tsaya ina jin takunta a lungu har ya ɓace. Sannan na dawo tsakar gida na zauna a bakin murhu. Ruwan ranar a garwa ya huce, ban shiga ba.