Karkade a Wuyan Suwaita

Sanyin Khartoum ba ya daɗewa, amma da ya shigo kowa sai ya zaro suwaitarsa daga akwati ya kawo mana. A lokacin ina aiki a wani shagon wanki a Omdurman, irin wankin da ba a sa ruwa, sai wani mai na musamman a inji. Aikina fitar da tabo kafin kaya su shiga injin. Man ful, wato dafaffen wakensu, lalle, shayi da madara, turaren humra, kowanne da maganinsa. Shi ya sa nake tambayar mai kaya abin da ya zuba, kuma na tsani a yi mini ƙarya.

Wata safiya mijin ƙanwata ya shigo. Direban bas ne a tashar Suk al-Shabi, mai baki kamar rediyo, kuma tun ranar ɗaurin aure jinina bai haɗu da nasa ba. Ya jefa mini leda a kan tebur. Suwaitar ƙanwata ce, fara, wadda mahaifiyarmu ta saƙa mata da hannunta.

"Karkade ne ya zuba, Yaya," in ji shi. "Ranar Juma'a za mu Jabal Awliya gaida Hajiyarku, tana son ta ga 'yarta sanye da ita. Ka fitar da shi, halas."

Shagunan wanki cike da gari, amma tsabar rowa ta kawo shi inda ba za a karɓi ko sisinsa ba.

Tabon ya fara daga wuya ya gangaro ƙirji, launinsa ruwan ƙasa, ya bushe ƙamas. An zuba masa tafasasshen ruwa har ulun ya tsuke. Karkade, wato zobonmu, ba ya yin haka. Na ɗiga ruwan wanke ciwo na kemis a gefe, sai ga kumfa. Jini ne. Da yana gabana, da dutsen guga zan kifa masa a fuska.

Da ruwan sanyi da haƙuri zan iya rage tabon har tsohuwarmu ta kasa gani. Amma ban wanke shi ba. Na ninke suwaitar, na sa ta a ledar shago, ranar Juma'a na riga su isa Jabal Awliya na miƙa wa mahaifiyarmu.

Suka iso bayan an sauko daga masallaci, yana ta washe haƙora da jakar lemo. Ƙanwata ta rufe rabin fuskarta da mayafi, wai mura. Tsohuwa ta shimfiɗa suwaitar a tabarma ta dube ta.

"Karkade ne, Inna," in ji ƙanwata, idonta a ƙasa.

Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Har ya koya mata ƙaryar.

Mahaifiyarmu ta miƙe. Ta shiga ciki, ta fito da kofin karkaden da ta jiƙa musu, ta tsiyaya a kan aikin hannunta, dab da tabon. Ja wur ya bazu kusa da ruwan ƙasa.

"Cire mayafin nan," ta ce.

Ƙanwata ta cire. Leɓenta na ƙasa a fashe yake, da ɗinki. Tsohuwa ta juya ga surukinta.

"Ɗauki lemonka, ɗana. Bas ɗinka na jiranka. Ita ta iso gida."