Baba ya tambaye ni wa ke bin bayana

Jiya a gidanmu na Jarwal ina kallon ƙwallon Amurka, na ce wa Baba, "Ƙungiyar nan ta iya wasa, amma in mai jefa musu ƙwallo ya karye, ba su da madadinsa."

Ya ce, "To tasu ta ƙare. Da muna samari, mu huɗu muke ɗaukar tsofaffin alhazai a gado mu yi ɗawafi da su. Ba ma fita sai da na biyar yana bin mu a baya, in wani ya gaji ya karɓe shi."

Sai ya dube ni. "Kai fa, wa ke bin bayanka?"

Ni kaɗai nake ɗaga Baba zuwa banɗaki, ga ciwon baya sati biyu ina ɓoye masa.

Masu jinyar iyaye, ku wa kuka tanada?