Haɓar Mai Jirgi

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Jirgi ake ce masa, ko da yake jirgin nasa bai fi faranti faɗi ba, a jakar goyo yake kwana, kuma ban da kyamara bai taɓa ɗaukar fasinja ba. Da can hoton fasfo yake ɗauka a wani ɗan shago kusa da tasha. Da waya ta kashe kasuwar, ya sayar da fitilun da labulen, ya sayi wannan abu mai farfela huɗu, ya koma ɗaukar wa dillalan gidaje bidiyo daga sama.

Manyan kamfanoni mutum biyu suke sawa, ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya kula da kyamara. Shi kuwa shi ne direba, shi ne kwandasta. Manyan yatsunsa biyu suna kan sandunan rimot, manuninsa na hagu yana kan wata 'yar taya a kafaɗar rimot ɗin. Ita ke juya gimbal, wato wuyan da kyamara ke rataye a kai: ka murza nan ta duƙa ta kalli ƙasa, ka murza can ta ɗaga ta kalli sama. Aikin ba na mai garaje ba ne, don in aka murza da ƙarfi sai hoto ya fizge kamar an mari kyamarar. To shi hannunsa ya faɗa. Sai dai tun yana koyo wuyansa ya shiga aikin ba tare da an gayyace shi ba. In kyamara ta duƙa, haɓarsa ta taɓa ƙirji. In ta ɗaga, ka gan shi yana leƙen sararin Allah da baki buɗe. Duk layin sun san wannan, shi kaɗai ne bai sani ba.

Abin da ya sa dillalai ke rububinsa wata dabara ce da suka sa wa suna kallon gajimare. Jirgi zai shigo ta ƙofar gida a hankali, ya nuna tsakar gida, ya nuna rufi, yana dosar katangar baya sai kyamara ta ɗaga a natse ta kama itatuwa da gajimare. Kwata ce a bayan katangar, ko juji, ko ramin da ke cika da damina, wannan mai kallo ba zai gani ba.

"Ni ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba," in ji shi, in abokai suka tsokane shi. "Sama na nuna, kuma saman tana nan, a je a duba."

Ana nan, ran nan ya dawo gida ya tarar da surukarsa, uwar matarsa, zaune a falo da tabarau a karan hanci da waya a hannu. Malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ta ƙare rayuwarta cikin ihun yara, yanzu ba abin da take nema a duniya sai gidan da za ta ji shiru. Kuma ita ce ta tsaya masa lokacin da dangi ke cewa ba a ba mai wasa da jirgin yara mata.

"Zo ka gani, ɗana," ta ce. "Na samu gida. Dillali ya ce ma kai ka ɗauki hoton, shi ya sa hankalina ya kwanta."

Yana leƙa wayar gabansa ya faɗi. Farin gida mai bishiyar mangwaro. Ya san shi sarai. Bayan katangarsa masu gyaran janareta ne, rumfa bayan rumfa, kuma kowanne in ya gyara sai ya tayar ya ji ƙara. Ranar da ya ɗauki bidiyon, ko ƙugin jirginsa bai ji ba.

"Mama, kin je kin gani da idonki?"

"Na je mana. Dillalin ya kai ni ranar hutu. Tsit, sai kukan tsuntsaye. Gobe zan karɓi makulli."

Ranar hutu! Lallai dillalin nan ya san aikinsa. Mai Jirgi ya shiga lissafi. In ya buɗe baki, dillali zai yaɗa cewa yana tona asiri, aiki ya tsaya. Abin da ya fi wannan ciwo, Mama za ta gane irin sana'ar da surukin da ta tsaya wa yake yi. In kuma ya yi shiru, to ya kai tsohuwa cikin janareta da hannunsa. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya fi kunyar yawa.

Matarsa tana gefe tana guga. Sai da ta kife rigar da ke hannunta ta ce, "Baban yara, lafiya lau dai bayan gidan yake ko?"

"Bayan gidan? Ai... iska ce mai daɗi. Ga itatuwa."

Yana faɗa, haɓarsa ta fara tashi. A hankali, a natse, ba fizga ko kaɗan, har idonsa ya sauka a kan fankar silin.

Matar ta jingine dutsen guga. "Mama, kalli bidiyon, ki kalli surukinki."

Mama ta kalli waya, inda kyamara ke ɗagawa zuwa gajimare. Ta kalli suruki, yana nazarin fanka. Ta sake kallon waya. Ta cire tabarau.

"Tun yaushe?" ya tambayi matarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Tun shekarar da ka sayi jirgin. Ranar da ka ce babur ne ya lalace, silin ka gaya wa. Ranar da ka ce gyaran gashina ya yi kyau, har ƙeyarka sai da ta taɓa kujera. Ni ban taɓa wahalar bincikenka ba."

Ya so ya musa, ya ji wuyan ya sake ɗaukar hanya. Mama ta miƙe, ta zo gabansa. Ga ta gajeruwa, sai da ta yi ɗage. Ta ɗora manuninta a haɓarsa ta jawo ta ƙasa sannu-sannu, har idonsa ya daidaita da nata.

"Yauwa, tsaya nan," ta ce. "Me kake gani a bayan katangar?"

"Janareta, Mama."

"Guda nawa?"

"Ba sa ƙirguwa."

Yatsan nata yana nan a haɓarsa, bai motsa ba.

"Na gode, ɗana. To tunda na kama tayar kyamarar, kada mu yi asararta. Tuƙin motar da na koya bara, da ka ce na fi ka iyawa..."

Sai ta ji haɓar tana tura yatsanta sama.