Kwana Uku Ake Tada Tanderu

Shekaranjiya a Sabon Tasha tayar wani keke ta fashe a gefena. Ban san lokacin da na durƙusa a bakin kwata ba, hannuwana biyu a ka. Masu sayar da lemo suka yi ta dariya, wata tana cewa, "Sista, taya ce fa!" Ni ma na san taya ce. Jikina ne bai sani ba. Yau sati uku ke nan ko murfin tukunya ya faɗi sai in zabura. In kuna son jin dalili, sai kun bi ni zuwa bayan wani tsohon gidan burodi da ke tsakanin Kakuri da Unguwar Television a Kaduna, inda na buɗe ido na gan ni.

Ɗakuna biyu ne a bayan gidan, ni da Kakata. Bangon ɗakinmu shi ne bayan tanderun, wani ƙaton abu na jan bulo mai ƙusumbi kamar kunkuru. Da damina, lokacin da yaran unguwa ke zuwa makaranta da ɗanyun kaya, ni nawa a bushe suke, da ɗuminsu, domin a jikin bangon nan nake shanya su. Har a aji ana shinshina ni, ana cewa ina ƙamshin riɗi.

Mai gidan wani tsohon Bagirke ne. Mutanen unguwa Kwara suke ce masa, kamar yadda ake ce wa 'yan Lebanon, Kaka kuwa ba ta gajiya da gyara musu: "Ba Kwara ba ne, mutumin Girka ne." Tun tana budurwa ta baro ƙauye ta kama aiki wajensa, zamanin da masaƙu ke aiki, in an tashi ma'aikata layin burodi ya kai bakin titi. Ni ban tarar da wannan zamani ba. Abin da na tarar shi ne gajeren tsoho mai gashi a kunne, zaune a kujerar katako yana juya wani carbi da ba na addu'a ba, har 'yan kasuwar Makera masu kawo fulawa suna tsokanarsa da Alhaji. 'Ya'yansa sun daɗe da komawa ƙasarsu, shi ya ƙi. Hausarsa a karkace take, mace da namiji duk "kai" ne. Istarsa ma ba ta cika zuwa rana ɗaya da tamu ba. Sai mun cinye tamu mun manta, ya fito da dafaffen ƙwai da aka rina ja wur, ya ba ni ɗaya, mu gwara, wanda nasa ya fashe ya sha kaye. Kullum nasa ke fashewa. Sai da na girma na gane juya mini gefen da ba shi da ƙarfi yake yi.

Aikin kuwa duk a hannun Kaka yake. Ita ke kwaɓa burodin zobe mai riɗi, ita ke kula da wani tsohon ƙullu mai tsami da ke cikin tukunyar ƙasa, wanda ake ɗiba a tada sabon kwaɓi da shi maimakon yis. Kowace safiya sai ta ba shi fulawa da ruwa, kamar mai kiwon akuya. In tana son sanin ko wuta ta yi, sai ta zura hannu cikin tanderun ta fara addu'ar Ubangiji. In ta kai inda ake roƙon abinci hannun na ciki, da saura.

Sau ɗaya a shekara, bayan Kirsimeti, ake barin tanderun ya mutu a liƙe tsagoginsa da yumɓu da toka. Tada shi kuma kwana uku ne cur. Ranar farko 'yan ƙirare a bakinsa, waɗanda ko shayi ba za su dafa ba. Rana ta biyu a matsa da su ciki. Sai ta uku ake sa itacen gaske. Na taɓa ƙosawa na tambayi dalili. Tsohon ya ɗora tafinsa a kan bulon ya ce, "Kai yarinya, wannan yana sha ruwa. In ka tashe shi da sauri, zai yi fushi." Kaka ta ce, "Wanda ya tashi daga jinya da kunu yake farawa, ba da tuwo ba."

Ina aji uku na firamare tsohon ya rasu. 'Ya'yansa suka zo, suka binne shi a nan, suka ce wa Kaka ta ci gaba da zama, suka hau jirgi. Ta ci gaba da gashi ita kaɗai har kafaɗarta ta dama ta ƙi ɗaguwa. Damina huɗu tanderun na kwance, kwanon da ke samansa yana yoyo. Amma ƙullun bai taɓa kwana da yunwa ba, domin mun riga mun yi magana: bana bayan Kirsimeti, in rana ta gasa bulon sosai, za mu liƙe shi mu tada shi, ni in karɓi aikin. Na gama sakandare, ba ni da wata hanyar gaba. Wannan tanderun shi ne jami'ata.

Sai ga mai kai baƙi yawon buɗe ido.

Wani saurayi ne mai matsattsen wando da tabarau a goshi, wayoyi biyu a hannu, Turanci na zuba kamar famfon da ya lalace. Ya zo da takarda daga 'ya'yan tsohon, wai an ba shi izinin raya gadon Girkawa a Kaduna. Gadon nasa wurare uku ne: wani kantin da ya koma shagon caji, kabarin tsohon, da tanderunmu. Mutumin da ko ranar farko sai da ya tambaye ni ko Girka a cikin Italiya take. Ya ce jikar tsohon za ta zo da ayarin baƙi, 'yan ƙasarsu da manyan mutane daga Abuja, su ga burodi na fitowa daga tanderun kakanta. A watan Agusta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya.

Ya kawo magina suka shafe tanderun da siminti ciki da waje, ya yi sumul. Aka bi shi da fenti fari da shuɗi. Aka kafa allo mai sunan tsohon da tarihinsa. Kaka ta ce in karanta mata. Na karanta har ƙasa, inda aka ce ya yi aiki tare da wasu ma'aikata 'yan ƙasa.

"Su wa ke nan?" in ji ta.

"Ke ce, Kaka."

"To, ashe ni da yawa ce."

Wannan bai dame ta ba kamar simintin. Ta tare shi a tsakar gida ta ce, "Ɗana, bulon nan ya sha ruwan damina huɗu, ka kuma toshe masa inda zai yi gumi. Ko ba siminti, kwana uku ake tada shi. Ka bari sai rani."

Ya yi irin dariyar da ake yi wa ƙaramin yaro. "Mama, wannan ai tsohon yayi ne. Na duba a waya, awa biyu ya isa. Ke dai ki sa kayan gargajiya ranar Asabar ki zauna a gefe, baƙi suna son irin wannan."

"Wayar taka ta taɓa gasa burodi?"

Bai ma ji ba, ya riga ya kara ɗayar a kunne.

A nan zan faɗi nawa laifin. Da ya kawo mini farar riga da farin ɗankwali ya ce ni zan riƙe dogon katakon da ake zura burodi da shi, na karɓa. Na san abin da Kaka ta faɗa gaskiya ne, a kansa na girma. Amma ina so a gan ni a bakin tanderun nan, ko da sau ɗaya, a ce ga mai aikin. Kaka ta dube ni cikin farar rigar, ta shige ɗaki ta ja labule.

Ranar Asabar da hantsi suka cusa masa manyan itatuwa har baki, suka watsa kalanzir. Burodin da za a nuna ma daga wani kanti aka sayo, aka jera mini a kan katako, in yi kamar yanzu na ciro. Baƙi suka sauko daga mota da hulunan rana, ana yayyafi. Suna ɗaukar hoton komai, har kajin maƙwabta. Wata mata daga Abuja ta toshe hanci saboda kwatarmu, sannan ta ce wurin yana da ruhi. Jikar tsohon, doguwa mai irin hancinsa, ta tsaya shiru tana kallon fentin. Saurayin yana ta zuba jawabi a kan wayewar Girkawa.

Ni na fara jin kukan. Wani siririn sauti daga cikin bulon, kamar buta ta kusa tafasa. Fentin ya fara kumbura yana yin ƙuraje. Na juya zan matsa, saurayin ya ɗaga hannu: "Tsaya a nan, Sista, hoto ɗaya! Yi murmushi!" Na tsaya.

Kaka ta ji kukan ta bangon ɗakinmu. Ban ga fitowarta ba. Na dai ji an damƙi wuyan rigata ta baya, da hannun nan da shekara huɗu bai ɗagu ba, an fizge ni, muka zube tare cikin taɓo. Sai ƙarar. Ban iya kwatanta ta. Ƙusumbin tanderun ya buɗe, bulo da garwashi suka yi sama, tururi ya rufe tsakar gidan. Katakon da na yar ya karye biyu a daidai inda ƙafafuna suke.

Ba wanda ya mutu. Baƙi suka yi ta kan juna zuwa mota, mai ruhi ta bar takalmi ɗaya. Mai jawabi shi ya riga kowa kaiwa titi. Kafaɗar Kaka ta goce, wani ɓallin bulo ya tsaga mini ƙauri. Jikar tsohon ce kaɗai ta dawo, ta durƙusa cikin taɓon tana kuka tana ba da haƙuri da Turanci. Kaka, tana nishi, ta ce in gaya mata kakanta bai taɓa sa wa abin nan kalanzir ba. Ban fassara ba.

Na ɗauka kunya za ta hana saurayin dawowa. Bayan kwana biyar sai ga shi da igiya da sabon allo. Ya kewaye tarin bulon, ya ce kada mu kwashe ko ɗaya. Wai ya yi bincike, ƙasar Girka ma da kangaye take jan baƙi, yanzu ne ma wurin ya zama tarihi na gaske. Asabar ɗin da ta wuce ya kawo mutum tara. Ina jin su ta taga, yana gaya musu tanderun ya rushe ne saboda tsufa.

Bangon ɗakinmu har yanzu sanyi ƙalau, ga kuma tsaga tun daga sama har ƙasa. Kayan da na wanke tun jiya suna nan a jiƙe. Kirsimeti kuwa za ta zo ta wuce, ba abin da za mu liƙe. Yau da safe na tarar da Kaka a gaban tukunyar ƙullun, hannunta ɗaure a wuya, tana kokawa da murfin da hagu. Na ce, "Kaka, a ina za mu gasa shi?"

Ba ta ɗago ba. "Na tambaye ki inda za a gasa? Yunwa yake ji. Miƙo fulawa."

Na miƙa. Rabi ya zube a ƙasa.