Ranar da Lauya Ta Yi Shiru

Tun tana ƙarama ba a taɓa yi mata tambaya ta amsa a taƙaice ba. In mahaifiyarta ta ce, "Wa ya fasa kofin nan?" sai ta faro daga ranar da aka sayo shi. Yayyenta suka sa mata suna Rediyo, suna cewa ita ba ta da wurin kashewa. Da ta ce lauya za ta zama, mahaifinta ya ce gara dai a riƙa biyanta, tunda a gida kyauta take yi.

Irin lauyancin da ta zaɓa ne ya ba su haushi. Abokan karatunta sun shiga shari'ar filaye da kamfanoni sun ajiye tumbi. Ita kuwa ta kama ɗaki a saman shagon wani mai gyaran fanka, ta ce 'yan gudun hijira za ta tsaya wa: wanda yaƙi ya koro, wanda takardar zamansa ta ƙare, wanda ake shirin mayarwa inda ya fito. Bencin barandarta kullum cike yake. Fankar ofis ɗin kuwa ba ta aiki, kuma kowace safiya sai ta tuna wa mai shagon, da hujjoji.

A haka furfura ta same ta. Jami'an shige da fice sun san ƙarar takalminta. Wasu sukan sa hannu tun kafin ta zauna, don su tsira da kunnuwansu. 'Ya'yanta sun daina neman izinin fita, domin kafin a gama sauraron ƙarar lokacin fitar ya wuce. Amma a faɗi gaskiya, bakin nan ya hana a mayar da mutane da yawa cikin wuta.

Wanda ya gagare ta wani tsohon tela ne. Ya tsallako iyaka shi kaɗai, kwamitin da ke ba da mafaka kuma zai saurare shi. In bai nuna musu cewa rayuwarsa na cikin haɗari ba, mota za a sa shi a mayar da shi. Maƙwabtansa da su ma suka gudo sun ba ta labarin abin da aka yi masa, amma kwamiti daga bakinsa yake son ji.

"Baba, me ya faru a garinku?"

"An ɗan samu matsala, 'yata. Amma ai ya wuce, mun gode Allah."

"Baba, ba gaisuwa muke yi ba. In ka ce musu ya wuce, za su ce to ka koma."

"Ai ba kyau mutum ya yi ta kai ƙara. Akwai waɗanda suka fi ni."

Ta yi masa bayanin doka, ta kawo misalai, ta lallashe shi, ta yi faɗa. Shi kuwa yana ta gyaɗa kai, idonsa a kan hannun rigarta. Da ta gama ya ce ɗinkin ya karkace, ta kawo ya gyara mata.

Ranar zaman, mutum uku ne a bayan dogon tebur. Shugaban kwamitin ya gyara tabarau.

"Malam, me ya raba ka da gida?"

"An ɗan samu matsala, ranka ya daɗe."

"In ka koma, akwai abin da kake tsoro?"

"Komai na hannun Allah."

Shugaban ya rubuta wani abu gajere, ya juya wurinta yana gyara zama, kamar mai shirin doguwar tafiya a mota.

"Lauya, kina da abin faɗa?"

Ta miƙe. Tana da jawabi, har da na ko-ta-kwana. Amma ta san duk abin da za ta faɗa ji ta yi, ba gani ba, kuma ta san ma'anar gajeren rubutun nan. Ta dubi tsohon da 'yar hularsa a kan gwiwa, sai tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a gaban alƙali ba. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta koma ta zauna.

Ɗakin ya yi tsit. Shugaban ya cire tabarau ya dube ta da kyau. Tsohon ma ya dube ta, hankalinsa a tashe, domin tun da ya san ta bai taɓa ganin bakinta a rufe ba.

"'Yata, lafiya? Ni na jawo miki?"

Ta sunkuyar da kai.

"To, kar ki sa damuwa a ranki saboda ni. Bari in faɗa musu." Ya juya wurin teburin. "Ranka ya daɗe, 'ya'yana uku ne, duka maza. An zo neman su shiga yaƙi, suka ƙi. Ni na ɗinka musu likkafani, rana ɗaya. Waɗanda suka yi abin suna nan a garin, sun kuma ce saura ni."

Daga nan ya faɗi komai, a hankali, har launin ƙofar shagonsa da aka ƙone. Shugaban bai katse shi ba. Kafin a tashi aka ba shi izinin zama.

A baranda ta jingina da bango tana share ido. Tsohon ya tsaya kusa da ita yana juya hularsa.

"'Yata," ya ce a hankali, "in kin koma ciki ki ba su haƙuri. Mutane sun zo aikinsu lafiya, na ɓata musu rai."