Baba Kwatance da Maɓallansa Biyar

Shekara ashirin da shida Baba Kwatance ya yi a teburin bakin ƙofa na ofishin rajista, ƙarƙashin wata fanka da ba ta juyawa sai ta ga dama. Aikinsa nuna wa mutane ɗakin da za su shiga. Matarsa kan yi masa tsiya, wai ko gishiri ta tambaye shi sai ya ce, "Miƙe, hannun hagu, gwangwani na biyu."

Da za a buɗe wa ofishin shafin intanet, injiniyar da aka ɗauko ta rasa yadda za ta jera takardu sama da ɗari. Baba ya leƙa kwamfutarta ya ce, "'Yata, ban taɓa ganin wanda ya shigo yana neman Sashen Tantance Bayanai ba. Cewa suke yi an yi musu haihuwa."

Sati uku suna yanka kwali suna jerawa a tebur, yana faɗin yadda mutane ke tambaya, tana rubutawa. Suka tashi da maɓallai biyar a shafin farko: haihuwa, aure, rasuwa, takardata ta ɓata, an yi kuskure a sunana. Layin bakin ƙofa ya ragu, har Baba ya fara samun shan shayinsa da zafi.

Wata biyu da ritayarsa, shugabannin sassa suka kai kuka wurin sabon darakta: ina sunan sashensu a shafin farko, ina hotunansu? Baba ya sa rigarsa mai kyau ya je roƙo.

"Ranka ya daɗe, a bar wa mutane biyar ɗin nan. Hotunan ma ai sai a sa su a ƙasa."

"Baba, ka yi naka," in ji daraktan yana murmushi. "Je ka huta."

Aka rushe maɓallan, aka sake jera shafin sashe-sashe. Layi ya dawo.

Baba bai huta ba. Ya ɗauko kujera daga gida ya kafa a tsallaken titi, gaban shagon mai hoto, mutane suna miƙo masa wayoyinsu yana lalubo musu hanya. Sai dai ido ya fara gajiya, rubutun kuma ƙanana.

Wata safiya wata mata ta zo, kwana tara da rasuwar mijinta, tana neman takardar shaida. Baba ya danna nan, ya fito a jawabin darakta. Ya koma baya, ya faɗa tarihin ofishi. Ya cire tabarau ya goge, ya sake gwadawa. Matar tana tsaye tana jira.

"Yi haƙuri, 'yata," ya ce a hankali. "Ban san inda suka kai ta ba."

"Ba komai, Baba. Allah ya saka. Bari in bi layi."

Ya bi ta da ido har ta tsallaka ta tsaya a bayan mutum na ƙarshe, cikin rana. Sannan ya ɗauki kujerarsa. Mai hoto ya ce, "Baba, tun yanzu? Bar ta nan mana, gobe ma rana ce."

"A'a," ya ce. "Ana bukatarta a gida."